Ɗan Siyasar da Ya Zo Hannu Rabbana

Tun ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, Ingila ta fara sakin fuska. Lokacinmu ya zo daidai da na Kano, Hajiya ta huta da tambayar ƙarfe nawa ne a wajenmu. Furanni ruwan ɗorawa suka cika bakin titunan Manchester, itatuwan da na yi wa ta'aziyya tun Disamba suka tofo. Rana na ɗan leƙowa Turawa suka tuɓe riguna suka baje a ciyawa, ni ko ina nan cikin rigar sanyi. Ga ƙurar furannin nan: atishawa ba dare ba rana, idanuna jajawur kamar gauta.

Talabijin kuwa tun da jam'iyyar Labour ta karɓi mulki a Yulin 2024 zancen bai wuce tsadar rayuwa da baƙin haure ba.

Ana nan ranar wata Asabar aka buga ƙofa. Wani dattijo ne, da furen ƙyalle mai launin jam'iyyarsa maƙale a ƙirji. Ya ce zaɓen kansiloli na tafe ranar Alhamis ta farko a Mayu, kuma tunda ni ɗan ƙasar Commonwealth ne, wato ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, mai zama bisa ƙa'ida, ina da ƙuri'a muddin na yi rajista. Ɗan siyasa har gida! Na leƙa bayansa ina neman motar kaya. Ba buhun shinkafa, ba katan ɗin taliya, ba turmin atamfa, ko maroƙi guda bai ɗauko ba. Na ce ƙila ya ajiye su a kwana ne saboda idon jama'a.

Na ja shi falo. "Maman Amira, a kawo wa baƙo abinci." Ta jero tuwo da miyar kuka, kukar da muke tattali tun da aka aiko mana daga gida, har da yajin daddawa. Bawan Allah ya kai loma, kunnuwansa suka yi ja, amma bai fasa bayani ba: ramukan titi, ranar kwashe shara, harajin ƙaramar hukuma, da cewa tun 2023 ba a jefa ƙuri'a a rumfa sai da katin shaida mai hoto. Yana tari ina atishawa.

Daga bakin ƙofa uwargida ta ce da Hausa, "Baban Amira, ka tambaye shi mana."

Na gyara murya na tambayi ko ya zo mana da ɗan abin hasafi. Ya ce ƙwarai kuwa, ya tura hannu a jaka. Na gyara zama. Sai ga takarda mai hoton ɗan takara, wai in taimaka in liƙa a taga. Kafin in farfaɗo ya ƙara da cewa jam'iyya na karɓar gudummawa, ko fam biyar ce.

Maman Amira ba ta ce uffan ba. Ta tako a hankali ta ɗauke kwanon naman daga gabansa.