A bar yaro ya sa hannunsa a cikin baho

Na ga yadda mutane suka yi ca a kan wata malama ta aji uku na firamare, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a cikin maganar shi ne yawan waɗanda suka goyi bayan shugaban makarantar, har da wasu da nake ganin girmansu a harkar ilimi. Malama ta shigo aji da baho da ruwa da 'yan tarkacen gida domin yara su ga abin da ke nutsewa da abin da ke tsayawa a saman ruwa, sai aka kira ta ofis aka ce ta ɓata lokacin darasi, ta jiƙa daɓe, ta mayar da aji filin wasa, aka umarce ta da ta koma ga rubutun allo. Ni a wurina malamar ce take da gaskiya, shugaban nata ya yi kuskure, kuma duk wanda ya mara masa baya ya taya shi yin kuskuren.

Mene ne wannan rubutun allo da ake so ta koma gare shi? Yawancinmu mun san shi, domin da shi aka raine mu: abu mai nauyi yana nutsewa, abu marar nauyi yana tasowa. Yara su maimaita da ƙarfi sau uku, su kwafa a littafi, a tambaye su ranar jarrabawa, su ci maki. To, wannan jumla ba daidai ba ce, kuma yaro ɗan shekara 7 yana iya rushe ta a gaban kowa idan aka ba shi dama. Ka jefa allura a ruwa, ta tafi ƙasa. Ka tura gungumen icen da sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu, ya tsaya a sama. Tsakuwar da ba ta kai ƙwayar wake ba tana nutsewa, kankanar da yaro ba ya iya rungumarta tana yawo a saman ruwa. Jirgin ruwan da ke kawo kwantena tashar Apapa da ƙarfe aka ƙera shi, ƙusar da ta faɗo daga hannun maƙerinsa kuwa tana can ƙarƙashin teku. Idan har za a tsawata wa malama saboda ta ƙi cusa wa yara abin da ba gaskiya ba, to sai mu tambayi kanmu me muke nufi da makaranta.

Gaskiyar al'amarin tana da sauƙin da bai kamata a ji tsoronta ba. Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan daga wurinsa domin ya samu masauki, shi ya sa idan aka tsoma hannu a cikin cikakken bokiti yake malala. Ruwan kuma yana tura abin zuwa sama, kuma ƙarfin wannan turi daidai yake da nauyin ruwan da aka ture. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidis, masanin birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisili, ya bayyana sama da shekara 2,200 da suka wuce, kuma har yau da ita ake lissafin jiragen ruwa. Abin da ke raba gardama shi ne nauyin abu idan aka gwada shi da nauyin ruwa mai girmansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ƙarfe mai wannan girman yana kusa da kilo 8, saboda haka ruwan da ya ture ba zai iya riƙe shi ba. Man gyaɗa mai wannan girman bai wuce giram 920 ba, shi ya sa kullum yake kwanciya a saman miya. Ƙanƙara ma ta ɗan gaza ruwa nauyi, shi ya sa take tasowa a cikin zoɓo, kusan kashi tara cikin goma nata a nutse, ɗan kanta a waje. Idan kuma aka buɗe ƙarfe aka yi masa ciki mai faɗi da iska a cikinsa, sai ya ture ruwa mai yawa tun kafin ya nutse, ruwan ya ɗauke shi.

Ban ce a karanta wa ɗan aji uku wannan bayanin da na rubuta ba. Idan aka yi haka an koma gidan jiya, an musanya hadda da hadda. Abin da nake cewa shi ne yaro ya fara da hannunsa, bayanin ya biyo baya. A ajiye baho a tsakiya, a tara dutse, da cokali, da murfin kwalba, da kara, da ƙusa, da lemo, da ludayi. Kafin a jefa kowane abu a tambayi yara, zai nutse ko zai taso? Su ɗaga hannu, su rabu gida biyu, su yi musu, sannan a jefa. Wanda ya faɗi daidai zai yi murna, wanda ya kuskure kuma shi ne ya fi cin riba, domin daga wannan lokacin kansa zai kama tambayar dalili. A ɗauki lemo da ɓawonsa a jefa, ya taso. A ɓare shi a sake jefawa, ya nutse, alhali kowa ya ga an rage masa nauyi. A nan ne jumlar allo take mutuwa ba tare da malama ta ce uffan ba, kuma a nan ne wani yaro zai ce ɓawon ne yake riƙe shi, wani ya matsa ɓawon ya ga kumfar iska tana fita a cikin ruwa.

Gwajin da na fi so shi ne na yumɓu. A ba kowane rukuni curin yumɓu iri ɗaya. Su mulmula shi su jefa, ya nutse. Su tsamo shi su buɗe shi kamar ƙaramar ƙwarya, su aza a hankali, ya tsaya. Yumɓun bai ƙaru ba, bai ragu ba, surarsa kawai aka sake. Sannan a ce su riƙa zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan ɗan jirgin suna ƙirgawa, suna kallon yadda bakinsa yake matsowa kusa da ruwa, har zuwa tsakuwar da za ta sa ruwa ya shiga. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba har ya tsufa. A ƙara da ba shi jarka wofi a rufe, a ce ya danna ta cikin ruwa da iyakar ƙarfinsa, ya ji da gaɓoɓinsa yadda ruwan yake turo ta. Babu kalmar da za ta kai wannan jin.

Abin takaicin shi ne duk wannan ilimin yana cikin gidajenmu, makaranta ce kaɗai take yin kamar ba ta san shi ba. Uwar da ke rege shinkafa a ƙwarya ta san tsakuwa tana zama ƙasa, ƙaiƙayi yana tasowa. Mai wanke wake ta san wanda ƙwaro ya cinye cikinsa shi ne yake fitowa sama. Mai sayen ƙwan zabi a kasuwa yana neman kwanon ruwa, domin sabon ƙwai yana nutsewa, wanda ya daɗe kuma iska ta ƙaru a cikinsa sai ya taso. Mai ɗanwake tana jiran ya taso a tukunya. Masuntan Argungu suna kifa ƙirjinsu a kan gora su ratsa kogin Matan Fada da koma a hannu, goran yana ɗauke da su, yana kuma karɓar kifin da suka kama. Yarinyar da ta baro mahaifiyarta tana rege shinkafa da safe, ta zo aji aka rubuta mata jumlar da ta saɓa wa abin da ta gani, darasin da za ta ɗauka shi ne abin makaranta daban, abin duniya daban. Wannan ita ce asarar da ta fi kowace girma, kuma malamar da ta kawo baho ita ce take ƙoƙarin toshe ta.

Na karanta uzurorin da ake ta jerawa, kuma babu wanda ya gamsar da ni. Masu cewa ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, su faɗa mini wane ɗaki ake buƙata domin baho da dutse. Masu cewa aji ya cika, yara sun haura ɗari, gaskiya ne ajujuwanmu sun cika, amma akwai gindin bishiya, akwai rukuni-rukuni, kuma yaro ɗari da ke kallon baho sun fi yaro ɗari da ke kallon allon da na baya ba sa ko hango rubutunsa. Masu cewa manhaja tana da yawa kuma lokaci ya yi kaɗan, to gama manhaja da yaran da ba su fahimci komai ba wace irin gamawa ce? Masu cewa yara sun yi ƙanƙanta, su je su ga ɗan shekara 3 a bahon wanka yana danna murfin roba yana dariya idan ya taso, gwaji yake yi tun kafin ya iya magana sosai. Maganar jiƙa daɓe kuwa, tsumma ɗaya ya ishe ta, ban ga dalilin ɓata baki a kanta ba.

Akwai kuma wanda ya rubuta cewa irin wannan koyarwa ta 'ya'yan Turawa ce, mu ba mu saba da ita ba. Ina roƙonsa ya nemi tarihin Abu Raihan Al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973 a Khwarazm da ke Asiya ta Tsakiya. Wannan malami ya haɗa wani mazubi mai ɗan bututu a wuyansa, yana jefa zinariya da azurfa da tagulla da duwatsu masu daraja a ciki, yana auna ruwan da ya zubo, kuma alƙaluman da ya samu sun yi kusa ƙwarai da waɗanda ake amfani da su a yau. Da hannunsa ya yi, da ruwa ya yi. Babu wata al'umma da aka ba gadon gwaji ita kaɗai.

Kada kuma a ɗauka wannan darasi na cin jarrabawa ne kawai. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife a kan kogin Kwara kusa da Wara a jihar Kebbi da mutane maƙil a cikinsa, aka rasa rayuka masu yawa. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar aka yi na Bagwai a jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. A yawancin irin waɗannan haɗura bayanin da ake bayarwa shi ne lodi ya fi ƙarfin jirgi. Ban ce darasin firamare shi kaɗai zai hana wannan ba, domin akwai talauci, akwai ƙarancin jirage da gadoji, akwai sakacin masu sa ido. Amma yaron da ya ƙirga tsakuwa a jirgin yumɓu ya san cewa kowane jirgi yana da iyaka, ya san abin da ake nufi idan bakin kwale-kwale ya kusa taɓa ruwa, kuma idan ya girma ya zama fasinja ko mai fito, zai fi saurin cewa a dakata haka. A Ingila sai da ɗan majalisa Samuwel Plimsol ya yi ta gwagwarmaya kafin dokar 1876 ta tilasta a zana layi a jikin jirage domin a ga iyakar lodi, kuma har yau manyan jirage suna ɗauke da wannan layin. Tushensa shi ne abin da malamar nan take so ta nuna a cikin baho. Haka nan yaron da ya ga mai yana hawa saman ruwa zai gane dalilin da ya sa ba a watsa ruwa a kan wutar fetur ko ta man suya, domin man yana hawa kan ruwan ya bazu da wutarsa.

Saboda haka ina kira ga shugaban makarantar nan da ya janye tsawatawar da ya yi, ya shiga ajin ya zauna ya ga darasin daga farko zuwa ƙarshe kafin ya sake yanke hukunci. Ina kira ga iyaye, musamman iyaye mata da yara suka fi zama tare da su, idan makaranta ta ƙi, ku yi a tsakar gida ranar Asabar, ku bar yaro ya yi hasashe kafin ya jefa, kada ku yi saurin faɗa masa amsa. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: babba ya kasance a wurin daga farko har a zubar da ruwan, domin ƙaramin yaro yana iya halaka a cikin bokiti idan ya faɗa da ka.

Wannan ma ya tuna mini da kududdufan da ke cika a unguwanninmu duk damina, musamman ramukan da aka haƙa domin ɗiban ƙasar gini aka bar su a buɗe. Kowace shekara sai mun ji an tsamo gawar yaro, a yi jimami na kwana biyu a manta. Masu unguwanni da kansiloli sun san inda ramukan suke ɗaya bayan ɗaya, kuma cike su ko kewaye su aiki ne da ya kamata a yi tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka.