Bayan an raba takardar shaida, wa zai sayi aikin?

Na karanta wani labari da ya ce in aka koya wa matasa aikin kwamfuta da dabarun kasuwanci, za su samu abin dogaro a harkar adana kayan tarihi ta hanyar ɗaukar hotonsu a ajiye a kwamfuta. Buƙatar kam akwai ta. Gobarar gidan tarihin ƙasar Brazil a 2018 ta cinye mafi yawan kayayyaki kusan miliyan 20, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan da yanzu babu mai jin su. Abin na ci mini rai. Sai dai aikin ya wuce danna kyamara. Na taɓa zama kusa da wata yarinya tana ɗaukar hoton tsohon littafi, hannunta na rawa don takardar na marmashewa, kuma kowane shafi sai ta tambayi dattijon da ke gefenta wa ya rubuta, daga hannun wa ya fito. Kai mai cewa horon mako biyu ya isa, faɗa mini, wa zai biya ta ladan wannan wahala? Hoton kuma na wa ne, nata ko na iyalan da suka adana littafin?