Matasan Jos masu hawan Shere, ku sassauta wa dajin nan

'Yan uwana matasa, yanzu hawan duwatsun Shere ya zama yayi. Duk ƙarshen mako sai ka ga ayari da jakunkuna, da lasifika, da ledojin ruwa, ana neman ƙololuwar da ta haura mita 1,800 domin a ɗauki hoto a ɗora a Instagram. Motsa jiki abu ne mai kyau, ban hana ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shiga daji da rani kamar babu mai rai a cikinsa.

Akwai su, sai dai da ƙyar suke rayuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ba ya sauka, ciyawa ta bushe, hunturu ya ƙone ganye. A daidai wannan tsanani ne shukar da ake kira rawaya take fitar da furenta a ƙasa, ba ganye ba reshe, daga saiwar da ta yi watanni tana riƙe da ɗan danshi. Minjirya ma sai ta zubar da ganye tukuna take yin jan furenta, kuma shi ne abincin tsuntsun sha-zumami a lokacin da sauran itatuwa suka ƙafe. Kai kuma ka zo ka tsinke, ka maƙala a kunne, a yi hoto, ka yar. Haba ɗan uwa!

Da yawanmu ba mu san abin da Allah ya ajiye mana a nan ba. A dajin Amurum, kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take ƙarƙashin Jami'ar Jos, an ƙirga tsuntsaye iri fiye da 300. A cikinsu akwai wata 'yar jar tsuntsuwa, dangin baiwar Allah, mai zama cikin duwatsu, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar da cewa irinta daban ne. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo kallonta, yaranmu kuwa da danƙo suke bin ta.

Wasu tsuntsayen ma baƙi ne. Daga Turai suke tasowa, su ƙetare Sahara, su yi rani a ƙasashenmu. Lokacin da fari ya afka wa yankin Sahel a 1968, wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ba ta kai giram 20 ba, fiye da rabin irinta ba su koma Ingila ba a shekarar da ta biyo. Ɗan kududdufin da ya rage a kwarmin dutse, wanda kake wanke takalmi a ciki, wataƙila shi kaɗai suke da shi a duk kewayen. Ai Manzon Allah (SAW) ya gaya mana akwai lada a shayar da duk wani mai rai.

Maganar wuta ba sai na ja ta ba. Guntun taba ɗaya, ko garwashin da aka gasa nama aka bari, ya isa ya cinye gefen dutse cikin iskar Janairu.

In za ku hau, ku fita da asuba, lokacin da tsuntsaye suke kuka. Lasifikar nan a bar ta a gida, a kuma gaida manoman da ake ratsa gonakinsu. Ledar da ka shigo da ita cike, ka mayar da ita jaka in ka shanye.