Tsohuwar Wayarka Za Ka Yi wa Rutin, Ba Wadda Kuɗinka Ke Ciki Ba

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, mutane da yawa suka fara bin diddigin inda datarsu take tafiya. Wani kaso nata yana ƙarewa ne a kan tallace-tallacen da babu wanda ya nema: bidiyon caca da ke kunna kansa a tsakiyar labari, tallan manhajar bashi da ke rufe rabin fuskar waya, da hotunan tsiraici da ke faɗowa cikin wasan da yaro ɗan shekara bakwai yake bugawa a wayar mahaifiyarsa. A ganina, wanda ya sayi data da guminsa yana da cikakken haƙƙin zaɓar abin da za a sauke masa da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hanyar da matasanmu da yawa suke bi, wato su ɗauki wayar da suke ciniki da ita, wadda manhajar bankinsu ke ciki, su yi mata rutin, wato su karɓi cikakken ikon gudanar da tsarinta, domin toshe talla kawai.

Sai an fahimci yadda toshewar take aiki kafin a gane dalilina. Duk lokacin da wata manhaja za ta ɗauko talla, sai ta fara tambayar adireshin saba, wato kwamfutar da tallan yake ajiye a kanta, kuma tsarin da ake kira DNS ne yake ba ta amsa, kamar dattijon da ke zaune a bakin layi wanda baƙo ke tambaya kwatancen gida. Idan aka ba wa dattijon nan jerin sunayen gidajen talla, aka ce duk wanda ya tambaye su a ce masa babu su a unguwar, to tallan ba zai taɓa isowa ba, datar da za a kashe wajen sauke shi kuma ta tsira. Wannan ya fi ƙarfin abin toshe talla na cikin burauza, domin yana aiki a kan dukkan manhajojin wayar, har da wasanni.

A wayar Android da aka yi wa rutin, wato aka karɓi cikakken ikon gudanar da ita, tsohuwar hanyar ita ce manhajar AdAway. Tana rubuta jerin sunayen sabobin talla a cikin wani fayil mai suna hosts, ta karkatar da kowane suna zuwa adireshin da ba ya kaiwa ko'ina, irin su 0.0.0.0 ko 127.0.0.1. Google ya cire ta daga Play Store tun shekarar 2013 tare da wasu ire-irenta, shi ya sa a wani shagon manhajoji mai suna F-Droid ake samun ta. Tare da Magisk, manhajar yin rutin wadda John Wu ya ƙirƙira, ana iya yin wannan ba tare da an taɓa ainihin fayilolin tsarin wayar ba. Hanyar tana aiki sosai, ba ta cin batir, kuma ban musanta hakan ba.

Matsalar ita ce abin da ake biya kafin a kai nan. Kafin a yi rutin sai an buɗe makullin tashin wayar (bootloader), buɗe shi kuwa yana share duk abin da ke cikinta. A wayoyin Samsung akwai alamar tsaro ta Knox wadda da zarar ta canza ba ta komawa yadda take har abada, kuma daga nan wasu abubuwa irin su Secure Folder, ma'ajiyar sirri ta wayar, sun tafi ke nan. Bayan haka ga binciken Play Integrity da Google ya kawo a madadin SafetyNet, wanda manhajojin banki da na biyan kuɗi da yawa suke dogara da shi wajen gane ko an taɓa waya. Za ka iya ɓoye rutin ɗin yau, gobe a sabunta manhajar ta gano ka. Ka ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya sallami kaya, mai saye ya ce ya tura kuɗi, shi kuma ya buɗe manhajar bankinsa don ya tabbatar, sai ta ƙi buɗewa tana cewa wayar ba ta da tsaro, ga mai saye ya riga ya ɗora kayan a Keke. Babu adadin tallan da ya kai a ɗauki wannan kasadar saboda shi. Abin ya fi muni idan ba kai ka yi aikin da hannunka ba, ka miƙa wayar ga wani mai gyara, ya sauko da fayil daga shafin da shi ma bai san mai shi ba, ya ba shi iko a kan saƙonninka da lambobin sirrin da banki ke turo maka.

Ga wayar yau da kullum kuwa, ba a ma buƙatar duk wannan. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai wurin da ake kira Private DNS a cikin saitin sadarwa. Mutum ya rubuta dns.adguard-dns.com a wurin, ya adana, shi ke nan, mafi yawan tallan cikin manhajoji sun ɗauke, ko yana kan data ko yana kan Wi-Fi. AdAway ita kanta yanzu tana da yanayin da ke aiki ba tare da rutin ba.

To ina amfanin rutin? Amfaninsa yana kan tsohuwar Tecno ko Infinix ko Samsung ɗin nan da fuskarta ta tsage, wadda aka jefa cikin durowa saboda kuɗin da za a saye ta a kasuwar waya ta Farm Center bai taka kara ya karya ba. Ita ce ta dace a yi wa rutin a mayar da ita mai tace talla ga gidan gaba ɗaya. Ana ɗora mata Pi-hole ko AdGuard Home, manhajojin tace talla ta hanyar DNS, waɗanda yawanci ake sa wa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kuma dalilin da ya sa rutin ya zama dole a nan shi ne aikin DNS yana gudana ta ƙofa mai lamba 53, tsarin Linux da Android ke kansa kuwa ba ya barin manhaja ta riƙe ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai da cikakken iko. Idan an gama, sai a ba wayar adireshi tsayayye a kan Wi-Fi na gida, a shiga saitin rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, a ce wannan adireshin ne DNS. Daga nan talabijin mai intanet, kwamfutar ɗalibi, wayar uwargida da ta baƙon da aka ba lambar sirri, duk ta hannunta suke tambaya, ba tare da an saka wa kowa komai ba.

A ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, wannan tsohuwar wayar ta fi Raspberry Pi dacewa da mu, domin tana ɗauke da batirinta da fuskarta da Wi-Fi ɗinta, kuma ba a saye ta da dala ba. Ba ta da asusun banki, ba ta da layi, ba ta da hoton kowa, saboda haka ko aikin ya lalace asarar ba ta wuce ta wayar da dama aka yi watsi da ita ba.

Sai dai tana son kulawa. Batirin da ya kwana ya wuni a caji, musamman a zafin watan Afrilu, yana iya kumbura, don haka a ajiye ta a wuri mai iska, a riƙa duba bayanta, kuma da yake an yi mata rutin ana iya iyakance cajin kada ya riƙa cika maƙil. Dole a hana tsarin wayar kashe Wi-Fi idan fuskarta ta mutu, in ba haka ba a wayi gari kowa a gidan yana ƙorafin intanet ta tsaya alhali mai ba da kwatance ne ya yi barci. Wanda zai saka DNS na biyu don gudun haka, ya saka wanda shi ma yake tace talla, kamar 94.140.14.14 na AdGuard, domin idan ya saka na gama-gari tallan za su riƙa sulalewa ta nan. Wasu ƙananan MiFi kuma ba sa barin a canza DNS, a nan sai an bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya an saka adireshin da hannu.

Kada kuma wani ya yi maka alƙawarin da ba zai cika ba. Tallan YouTube da na cikin Facebook da Instagram suna fitowa ne daga sabobin da ainihin bidiyon da hotunan suke fitowa, saboda haka tacewar DNS ba ta iya raba su. Burauzar da ke amfani da nata ɓoyayyen DNS ma tana iya kewaye matatar, kuma da zarar ka fita daga gida kariyar ta tsaya a ƙofa.

Akwai masu cewa toshe talla cin haƙƙin masu shafuka ne, kuma ban ɗauki maganar da wasa ba, domin na san jaridun Hausa na intanet da ƙananan marubuta da yawa da kuɗin talla suke sayen data da man janareto. Amma wanda ya bar tallan caca da na damfara suna yawo a shafinsa shi ya fara karya amanar mai karatu. Abin da nake yi, kuma nake ba da shawara, shi ne a riƙa buɗe shafukan da ake ƙaruwa da su, waɗanda tallansu ke da mutunci, a wata na'ura ko burauzar da aka keɓe daga tacewar, ko kuma a tallafa musu kai tsaye idan sun buɗe hanyar hakan.

Abu na ƙarshe ya fi damuna fiye da sauran. Pi-hole da AdGuard Home suna ajiye tarihin kowane sunan shafi da kowace na'ura a gidan ta tambaya, da lokacin da ta tambaya. Wanda ya kafa matatar yana iya zama ya ga inda ƙanwarsa ko matarsa ko maƙwabcin da ya ba Wi-Fi suka shiga da daddare. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, kuma sanin fasaha bai halatta shi ba. Duka manhajojin biyu suna da wurin kashe wannan tarihin ko ɓoye sunayen na'urori, kuma ya kamata a kashe shi tun ranar farko. Uban da yake son sa ido a kan wayar ƙaramin ɗansa yana da hujja, amma ya sanar da manyan gidan cewa na'urar tana nan, ya kuma nuna musu abin da take iya gani kafin su haɗa wayoyinsu da ita.