Shin duk wanda bai ba da gaskiya ba ya ƙi Allah ne?

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin masu wa'azin Kirista, cewa Allah ba ya jefa kowa cikin hallaka, mutum ne da kansa yake zaɓar ta idan ya ƙi karɓar kyautar ceto da aka miƙa masa ta wurin Yesu Almasihu. Maganar tana da daɗin ji, domin ta ɗora alhakin komai a wuyan ɗan Adam. Sai dai tana tsaye ne a kan wani zato da ba kasafai ake duba shi ba, wato cewa duk wanda bai ba da gaskiya ba ya ga gaskiyar ƙuru-ƙuru ne sannan ya juya mata baya. A ganina wannan zato bai inganta ba, kuma ba sai an fita daga Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya ba kafin a nuna hakan.

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba, suna da ayoyi. Markus 16:16 ta ce wanda bai ba da gaskiya ba za a hukunta shi, Yohanna 14:6 ta ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurin Yesu, Ayyukan Manzanni 4:12 kuma ta ce babu wani suna da aka bayar domin ceto ban da nasa. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ita ce babi na farko na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda manzon ya ce ikon Allah da allahntakarsa a bayyane suke cikin halitta tun farkon duniya, har mutane ba su da uzuri, suna danne gaskiya ne kawai da rashin adalcinsu. A kan wannan ne John Calvin, malamin Furotesta na birnin Janiba a ƙarni na 16, ya koyar cewa an dasa sanin Allah a zuciyar kowane mutum, saboda haka mai cewa babu Allah yana musun abin da ya sani ne.

To, amma mene ne Bulus ya ce halitta tana nunawa? Iko da allahntakar Mahalicci. Babu wanda zai ɗaga kai ya dubi taurari ya gane cewa an gicciye wani mutumin Nazarat a zamanin Bilatus Babunti, ya kuma tashi a rana ta uku. Wannan labari ne, sai an faɗa wa mutum. Bulus ɗin da kansa ya yi tambaya a babi na 10 cewa yaya za su gaskata da wanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Ke nan ko da an yarda babi na farko ya hau kan mai musun samuwar Allah, bai hau kan Bayahude ko Musulmi ba, waɗanda suka amince da Mahalicci suke kuma yi masa sujada. Abubuwa biyu ake cuɗawa a nan: ƙin Allah daban, rashin amincewa da koyarwar Kirista game da Almasihu daban.

Yesu ma ya auna laifi da gwargwadon sani. A Yohanna 15:22 ya ce da bai zo ya yi musu magana ba, da ba su da zunubi. A Luka 12 ya bambanta bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi, wanda zai sha dūka mai yawa, da wanda bai sani ba, wanda dūkansa kaɗan ne. Bulus, wanda ya tsananta wa masu bi kafin tubansa, ya rubuta wa Timoti cewa an yi masa jinƙai domin cikin jahilci da rashin bangaskiya ya aikata. Toma kuwa, ɗaya daga almajiran Yesu, ya ji shaidar 'yan'uwansa almajirai cewa Yesu ya tashi daga matattu bai gamsu ba, aka nuna masa gurbin ƙusoshi a hannuwan Yesu, ba a kore shi ba.

Malaman tauhidi sun daɗe da lura da wannan. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya raba rashin bangaskiya gida biyu: na wanda bai taɓa ji ba, da na wanda ya ji ya yi gaba da abin da ya ji. Na biyun kaɗai ya kira zunubi. Bai ce na farkon ya tsira ba, domin a wurinsa sauran zunuban mutumin suna nan ba a gafarta ba, amma bai tuhume shi da ƙin Allah ba. Wanda goron gayyata bai kai gare shi ba, ai ba a cewa ya ƙi zuwa biki.

Inda muhawarar ta fi tsauri shi ne a kan wanda ya ji. A nan darasin da Francisco de Vitoria ya gabatar a jami'ar Salamanka ta Sifaniya a 1539 ya cancanci a tuna da shi. Turawan Sifaniya sun ci ƙasashen nahiyar Amurka da yaƙi, suna kafa hujja da cewa an sanar da mutanen wurin bishara sun ƙi. Vitoria, wanda shi kansa limamin Katolika ne, ya amsa cewa ba a wajabta wa mutum gaskatawa don kawai an shelanta masa addini sau ɗaya ba tare da dalili mai gamsarwa ba, ya ƙara da cewa abin da yake ji daga can ba labarin mu'ujizai ko kyakkyawar rayuwa ba ne, labarin zalunci ne da ta'asa. Abin nufi, shigar sauti cikin kunne ba ita ce isar saƙo ba.

A dubi fasinjan da ke zaune a motar haya a tasha, buhun masararsa a ƙarƙashin kujera, hankalinsa yana kan kuɗin mota da aka ƙara. Wani ya tsaya a bakin taga da ƙaramar lasifika ya yi wa'azi na ɗan lokaci, ya miƙa masa takarda, mota ta cika ta tashi. Shin daga wannan rana an rubuta shi cikin waɗanda suka ƙi Allah? Ko a dubi yaron da ya tashi a unguwar da rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 ya raba ta da maƙwabta, bai san wani Kirista ido da ido ba, sai labarin gidansu da aka ƙona. Abin da yake ƙi hoto ne da aka zana masa, kuma haka yake ga ɗan Kirista da ya tashi a ɗaya ɓangaren yana jin irin wannan labari game da Musulunci. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamansa sun yi bahasi a kan ahlul fatra, wato waɗanda saƙon wani manzo bai iske su ba, bisa ayar suratul Isra'i da ta ce ba a azabtarwa sai an aiko manzo, Imam Ghazali ma ya yi wa waɗanda labarin Annabi ya iske su a gurɓace uzuri.

Ikilisiyar Katolika ta bi doguwar hanya a kan batun. Tun ƙarni na 3 Sifiriyan, bishop na Kartaj a Arewacin Afirka, ya ce babu ceto a wajen ikilisiya, taron shugabannin ikilisiya na birnin Fulorans a 1442 kuma ya tsaurara lafazin har ya ambaci Yahudawa da arna. Amma a 1863 Paparoma Pius na Tara ya rubuta cewa Allah ba ya hukunta wanda jahilcinsa ba laifinsa ba ne. Da wani limami a Boston, Leonard Feeney, ya dage cewa duk wanda ba ɗan Katolika ba halakakke ne, Roma ta ƙi fassararsa a 1949, aka kuma fitar da shi daga zumuncin ikilisiya a 1953 saboda ƙin biyayya. Babban taron Batikan na biyu ya tabbatar a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto. A 1965 taron ya amsa cewa masu bi suna da hannu wajen yaɗuwar rashin yarda da Allah idan rayuwarsu ta rufe fuskar addini maimakon ta bayyana ta.

Masu bishara na Furotesta ba su tafi nesa haka ba. Yarjejeniyar Lozan ta 1974, wadda babban taronsu na duniya ya fitar, ta yarda kowa yana da ɗan sanin Allah ta hanyar halitta, amma ta ce wannan sanin ba ya ceto. Wannan ce fahimtar da ta fi rinjaye a ikilisiyoyin da suka fito daga ƙungiyoyin mishan na Sudan Interior Mission (SIM) da Sudan United Mission (SUM), irin su ECWA da COCIN, kuma matsayi ne da mai shi zai iya karewa. Sai dai cewa mutum ba shi da ceto hukunci ne na tauhidi, cewa ya ƙi Allah kuwa shaida ce a kan abin da ke cikin zuciyarsa. Za a iya riƙe na farko ba tare da an yi iƙirarin na biyu ba, balle a kan kakannin Kiristocin Arewa da suka mutu tun kafin a kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ba na musun cewa akwai mai ƙi da gangan, wanda ya gamsu a ransa amma girman kai ko tsoron asarar matsayi ya hana shi. Haka kuma na san tambayar da za a yi: idan rashin ji uzuri ne, me ya sa za a yi wa'azi, ba gara a bar mutane cikin uzurinsu ba? Amsar ita ce Kirista ba ya shelar bishara domin ya kafa wa mutane hujjar hukunci, yana yi ne domin an umarce shi a Matiyu 28, kuma domin ya gaskata sanin Almasihu alheri ne ga mutum tun a wannan duniya. Bulus da ya tsaya gaban mutanen Atina bai fara da tuhumar su da ƙin Allah ba. Ya ambaci bagadinsu na Allahn da ba a sani ba, ya ce Allah ya kau da kai daga zamanan jahilci, sannan ya kira su zuwa ga tuba, waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce za su sake saurarensa, waɗansu kuma suka ba da gaskiya.