Tayar da muke ƙonawa a banza, wasu ƙarfe suke narkawa da ita

A Sakkwato ƙarfe ba ya kwana a bola. Tsohon kwanon rufi ne ko mataccen janareta, kafin rana ta take 'yan gwangwan sun kwashe, an aza a sikeli, tirela ta nufi kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun, ya dawo mana a rodin gini. Maƙeran Assada ma da tsohon ƙarfe suke ƙera fartanya da garma. Abin da ke kwana shi ne tsohuwar taya da roba, tunda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙarshensu lambatu ko wuta. Wasu har babbakar kai da ƙafa suke yi da taya, mu shaƙi hayaƙin, mu ci naman.

Alhali tanderun lantarki da ke narka tsohon ƙarfe, wanda zafinsa ke kai kusan digiri 1,600, yana buƙatar sinadarin kabon, shi ya sa ake zuba masa gawayin kwal. Taya kuwa cike take da kabon, ga wayar ƙarfe a jikinta. Farfesa Veena Sahajwalla ta Jami'ar New South Wales a Ostareliya ta nuna cewa niƙaƙƙiyar taya na iya maye gurbin wani kaso na gawayin, kuma masana'antun ƙasar sun yi aiki da dabarar. Jafan ma ta daɗe tana hura robar gidaje cikin tanderunta.

Sai dai ba kowace roba ba. Irin ta bututun PVC tana ɗauke da sinadarin kulorin, mai fitar da guba idan an ƙona ta, kuma kamfanin da bai da matatar hayaƙi ba abin da zai yi illa ɗauke guba daga unguwarmu ya kai ta wasu.

Ba mu da irin wannan tanderu a jihar nan, wutar lantarkinmu ma ba za ta ɗauke shi yanzu ba. Amma tarawa da tantancewa suna hannunmu, kuma masu iya aikin suna nan. Na san ana kuka da ɓata-garin da ke sace waya da murfin kwalbati da sunan gwangwan, kukan kuma gaskiya ne. Duk da haka ban yarda da masu cewa a haramta sana'ar ba. Kamata ya yi gwamnatin jiha ta yi wa dillalai rajista, ta ware musu fili bayan gari inda za a tara taya daban, roba daban, sannan ta zauna da kamfanonin da ke sayen ƙarfenmu a ji wanda zai karɓi tayar, kuma a kan nawa.