Tambayar da Ban Kai wa Malam Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan nasiha kaina nake fara yi wa, sannan 'yan'uwana magidanta da Allah ya ɗora wa son wani aikin hannu a cikin gida. Ni nawa haɗa abin sha ne. Cikin wani azumi na fara, da zoɓo don buɗa-baki. Daga zoɓo na koma kunun aya, na shiga kunun zaki har na koyi yin tsiro, na zarce lemun citta. Kafin in ankara na tara jarkoki, da bokitai masu murfi, da rariya kala uku, da kwalabe cike da kwali. Ba sayarwa nake yi ba. Daɗina kawai in haɗa in kai majalisa bayan isha'i, a kurɓa a ce, "Malam, wannan ya yi."

Da yawa daga dabarun ajiye abin sha a kwalba a waya na gan su. Wanda ya saba da irin waɗannan bidiyoyi ya san galibinsu daga Amurka da Turai suke zuwa, inda dafa giya a gida ya zama abin sha'awar maza, musamman tun 1978 da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarje wa Amurkawa yin haka. Kayan aikin iri ɗaya ne da namu, ruwa da hatsi da sukari, kuma tazarar da ke tsakanin lemun citta da abin da Allah ya haramta kwanaki kaɗan ce a cikin rufaffiyar kwalba. Yis yana cin sukari, ya fitar da iska da sinadarin da ke bugarwa. Shi ke nan sirrin. Hankalina ya tashi, na tafi wajen malaminmu na zaure.

Malam bai ɓoye mini komai ba. Ya karanto mini hadisin Abdullahi ɗan Abbas da ke Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar, da washegari, da rana ta uku zuwa yamma, abin da ya rage kuma a ba mai hidima ko a zubar. Malamai suka ce idan bai canza ba ne ake bayarwa, idan ya fara juyawa sai zubarwa. Nana A'isha (RA) ta ce a salka suke jiƙa masa, na safe ya sha da yamma, na yamma ya sha da safe. Ya kawo na Abu Huraira, wanda ya zo wa Annabi da jiƙo a cikin duma yana kumfa yana tsuwa, Annabi ya ce ya watsa shi jikin bango. Ya tuna mini mutumin da ya zo daga Yaman yana tambaya kan wani abin sha da suke yi da dawa mai suna mizru, wato ɗan'uwan burkutun da muka sani, Annabi ya tambaye shi ko yana sa maye, ya ce e, aka ce masa duk mai sa maye haramun ne. Kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Har Risalar Ibn Abi Zaid ya buɗe mini, wajen hani kan haɗa nau'i biyu a jiƙo ɗaya, da hani kan jiƙo a duma da mazubin da aka shafe da kwalta, don abu yakan yi saurin juyawa a cikinsu.

Na dawo gida ina murna. Na kafa wa kaina doka: komai ba ya wuce kwana biyu, duk kwalbar da ta kumbura ko ta yi tsuwa in an buɗe, kwata za ta sha. Na riƙe dokar nan da gaske, kuma har gobe ina kira ga duk mai wannan harka ya riƙe ta. A zafin bazara ma kada ka jira kwana uku, kunun aya ba ya kai yamma in babu sanyi.

Amma akwai tambayar da ban yi wa Malam ba, don ko a raina ba ta zo ba. Na tambayi haƙƙin Allah a cikin kwalbar. Ban tambayi haƙƙin matar da ke zaune a gidan da kwalbar take ba.

Wani dare aka ɗauke wuta tun magariba. Na riga na cika firji da jarkoki, don haka miyar da uwargida ta yi da naman da ta soya suna waje, a kan kanta. Wajen ƙarfe uku na dare muka ji ƙara kamar an fasa taya. Kwalbar lemun citta ce da na manta a bayan buhun shinkafa ta fashe. Ƙaramar 'yarmu ta farka da kuka. Na leƙa, na ce da safe a duba, na koma na kwanta. Da na tashi sallar asuba na tarar da ita a durƙushe a kicin, da fitilar waya a kan kujera 'yar tsugunno, tana tsince gilashi ɗaya bayan ɗaya don kada yara su taka, ruwan sukari ya manne a ƙasa, kiyashi sun yi layi har bango. Miyar kuma ta yi tsami. Ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Abban yara, ka bi ta gefe, akwai kwalba."

Na tafi masallaci da wannan kalma tana yi mini yawo a kai. A sahu na fara lissafi. Wa yake wanke bokitan bayan na gama? Ita. Wa yake aika yaro markaɗe, ya dawo ta tace gasara? Ita. Gas ɗin da na saya da sunan girkin wata, wa yake ƙona shi wajen tafasa zoɓo tukunya biyu, sannan ya tambaya don me ya ƙare da wuri? Ni. Ranakun Asabar da na yi mata alkawarin kai ta gaida Hajiya, sau nawa na ce a bari sai wani satin saboda na jiƙa gero? Mutanen majalisa suna sa mini albarka, wadda ta yi rabin wahalar ko sannu ba ta samu.

'Yan'uwa, ku dubi ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i a Bukhari. Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salman ya kai ziyara, ya ga Ummud Darda'i, matar Abud Darda'i, cikin tufafi marasa kyau, ba ta kula da kanta. Ya tambaye ta lafiya, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Me ya ɗauke hankalin Abud Darda'i? Azumin nafila da tsayuwar dare. Salman ya ƙi cin abinci sai da ya sa shi ya karya azumin. Da dare ya tashi zai yi salla, ya ce masa kwanta. Ya sake tashi, ya ce kwanta. Sai ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya gaya masa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta je wa Annabi, ya ce Salman ya yi gaskiya.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. Sallar dare ce fa aka rage wa sahabi saboda matarsa. To ina ga kunun aya? Ina ga tattabarun da kashinsu ya cika tsakar gida, da injin da aka kwance a falo wata biyu, da kallon ƙwallon da ake fita tun la'asar sai sha ɗaya? Abu yana iya zama halal a kan kansa, mai yinsa ya kwashi zunubi ta hanyar wanda ya danne don ya yi shi.

Kuma mu maza mukan raina ƙananan abubuwa. Wari, misali. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin da aka jiƙa hatsi kwana biyu ba bai san yadda tsamin yake kama labule ba, balle ga mace mai ƙaramin ciki. Nana A'isha ta ba da labari cewa yana yi wa Annabi nauyi ƙwarai a ji wani wari daga gare shi, har ya yi niyyar barin zumar da yake so don an ce masa ana jin warin magafir, wato wani ƙaron itace mai wari, sai farkon Suratut Tahrim ya sauka. Allah bai yarda ya haramta wa kansa halal ba, kuma ni ma ban ce kowa ya bar abin da yake so ba. Amma ku ga irin kulawar. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shigarsa gida sauƙi ce ga matansa. Ni shigata kicin ƙarin aiki ce.

Sai batun kuɗi, wanda ba sai na daɗe a kai ba. Duk wanda ya rage cefane don ya sayi aya da dabino da kwakwa na burge abokai, ya tuna hadisin Abu Dawud cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa.

'Yan'uwa mata masu sana'ar zoɓo da kunu, Allah ya yi wa nemanku albarka, da yawanku da ita kuke rufa wa gida asiri. Sai dai maganar ta shafe ku ku ma. In robobi sun cinye falo, maigida ya dawo daga kasuwa bai sami inda zai miƙe ƙafa ba, kina ɗaurin kunu har sha biyun dare, to a zauna a yi shawara kafin shiru ya yi yawa. Kuma wanda ya kwana ya juya, kada a zuba sukari a rufe a sayar wa 'yan makaranta.

Wani zai ce ai matata ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Tawa ma ba ta yi ba. An yi mata tarbiyyar haƙuri da kunya, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ku zauna da su da kyautatawa, bai ce sai sun kawo ƙara ba.

Ranar da na dawo daga masallaci na zauna da ita bayan yara sun tafi makarantar allo. Na ce ta yafe mini, kuma ta faɗa mini gaskiya. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce ba zoɓon ne ya dame ta ba, har tana son na cittar in bai yi yaji da yawa ba. Abin da ke ci mata rai shi ne ta zama baƙuwa a kicin ɗinta, sai ta nemi izinina kafin ta sa tukunya a firji.

Muka yi yarjejeniya. Rana ɗaya a mako, bayan ta sauke abincin rana. Na sayi murhun gawayi na koma bayan gida da shi. Na bar kwalbar gilashi gaba ɗaya. Firji nata ne, ni na sami kula ina sayen ƙanƙara. Duk abin da na ɓata ni zan wanke kafin magariba. Kofin farko kuma nata ne kafin a kai majalisa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ban jiƙa komai ba. Na kai ta gidan Hajiya, muka wuni.